Sauya Babbar Manhajar Saba Ba Tare da An Tsayar da Jama'a Ba

  Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan taro da suka ga ya dace a ware lokaci don wani aiki da galibi ake yin sa da tsakar dare, kuma ba a jin labarinsa sai ranar da ya ɓaci.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS aka ce masa babu sabis, ko ɗalibin da ya kwana yana fama da shafin rajistar makaranta, ya yi mu'amala da saba ko da bai taɓa ganin ta ba. Saba kwamfuta ce da ba a kashewa, tana wani ɗaki mai sanyi tana amsa buƙatun dubban mutane. Kamar kowace kwamfuta, tana da babbar manhajar da komai ke hawa a kanta, ko dai wani nau'in Linux irin su Ubuntu da Debian da Red Hat, ko kuma Windows Server. Maganarmu ta yau ita ce yadda za a cire tsohuwar babbar manhaja a sa sabuwa alhali mutane na tsaka da amfani da abin da ke kanta.

Da farko, me ya kawo dole? Kowace babbar manhaja tana da wa'adi. Kamfanin Canonical yana fitar da Ubuntu mai dogon zango duk bayan shekara biyu a watan Afrilu, yana kula da ita kyauta na shekara biyar. Red Hat tana ba da shekara goma. Microsoft ta daina fitar da facin tsaro na Windows Server 2008 R2 a Janairun 2020, na 2012 R2 kuma ranar 10 ga Oktoban 2023. Wa'adin ma ba kullum yake tsayawa inda aka ce ba. Mutane da yawa sun ɗora CentOS 8 suna lissafin za ta kai su 2029, kwatsam a Disambar 2020 aka sanar cewa ƙarshen 2021 za a rufe ta. Daga wannan fushin ne aka haifi Rocky Linux da AlmaLinux. CentOS 7, wadda har yanzu za ka same ta a ɗakunan saba na jami'o'i da ma'aikatu, ta gama nata ranar 30 ga Yunin 2024. Idan wa'adi ya cika saba ba ta mutuwa, tana ci gaba da aiki lafiya ƙalau, kuma wannan shi ne abin da ke yaudarar mutane. Abin da ya tsaya shi ne faci. Duk ɓarakar da aka gano daga wannan rana za ta zauna a buɗe, masu kutse kuma suna karanta sanarwar da muke karantawa.

Na san amsar da yawancinmu ke bayarwa a zuci: da muguwar rawa gara ƙin tashi. Tunda tana aiki, a bar ta. Ban raina wannan magana ba, domin mai faɗin ta yawanci ya taɓa ganin sabar da aka taɓa ta ƙi tashi. Amma ga abin da ƙin tashi ya jawo a Birtaniya. A watan Maris na 2017 Microsoft ta fitar da facin wata ɓaraka a hanyar da Windows ke musayar fayil. Ranar 12 ga Mayu, wata biyu bayan nan, manhajar garkuwa da bayanai mai suna WannaCry ta bi ta wannan ɓaraka ta bazu a ƙasashe kimanin 150. Kusan kashi ɗaya bisa uku na hukumomin asibitocin gwamnati a Ingila abin ya shafa, aka soke ganin likita da tiyata kimanin 19,000, aka riƙa juya motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wasu asibitocin. Facin yana nan kyauta tun wata biyu, ba a sa ba ne kawai.

To amma masu tashi ma sun yi muguwar rawar. A ƙarshen Yulin 2012 kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya ɗora sabuwar manhaja a kan sabobinsa guda takwas. Bakwai sun samu, ɗaya an manta da ita. Ranar 1 ga Agusta wannan ɗayar ta farfaɗo da wani tsohon tsari da aka daɗe da daina amfani da shi, ta shiga saye da sayarwa ba ƙaƙƙautawa, cikin minti 45 kamfanin ya yi asarar kimanin dala miliyan 440. A Afrilun 2018 bankin TSB na Birtaniya ya kwashe dukkan abokan hulɗarsa zuwa sabon tsari a ƙarshen mako guda. Makonni aka yi mutane ba sa iya shiga asusunsu, wasu ma suna ganin asusun wasu; shugaban bankin ya sauka a Satumba, daga baya hukumomi suka ci bankin tarar sama da fam miliyan 48. Ranar 19 ga Yulin 2024 kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura wani ɗan ƙaramin fayil ga duk kwamfutocin da ke amfani da manhajarsa a lokaci guda. Minti 78 kacal fayil ɗin ya yi kafin a janye shi, amma ya riga ya kayar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, kuma da yawa daga cikin kwamfutocin sai da mutum ya je gabansu ɗaya bayan ɗaya ya gyara da hannu. Mu ma a nan gida ba sai an ba mu labari ba. A ƙarshen 2024 wasu manyan bankunan Najeriya sun sauya manhajar da ke riƙe da asusun jama'a, kuma kowa ya ga yadda mutane suka kwashe kwanaki suna tura kuɗi ba ya isa.

Waɗannan ba sauyin babbar manhaja ba ne, amma ciwonsu ɗaya. An yi sauyi mai faɗi a tashi guda, kuma da abu ya ɓaci babu hanyar komawa mai sauri. Wannan ita ce maganar da na zo da ita yau, sauran duk sharhi ne a kanta. Tsawon lokacin da jama'a za su yi a tsaye ya dogara ne a kan yadda za ka koma baya idan sabuwar manhaja ta ƙi, da kuma ko ka taɓa gwada komawar. Injiniyan da ya san zai iya maido da tsohon tsari cikin minti biyar yana aiki hankalinsa a kwance. Wanda ba shi da wannan tabbaci, da zarar allo ya nuna masa abin da bai gane ba sai ya shiga gyara a kan gyara, awa ɗayar da ya yi alkawari ta zama kwana biyu.

Kafin a taɓa komai sai an yi zama da shugabanni an yanke adadin tsayuwar da za a iya jurewa. Kowane shugaba zai ce shi ba ya son ko daƙiƙa ɗaya, to sai a kawo masa lissafi. Idan aka ce saba za ta yi aiki kashi 99.9 cikin ɗari na shekara, an yarda ke nan ta tsaya kusan awa tara. Kashi 99.99 yana nufin minti 53. Kashi 99.999 kuwa minti biyar da 'yan daƙiƙoƙi ne a duk shekara. Kowane tara da aka ƙara kuɗi ne: saba ta biyu, layin intanet na biyu, wani lokacin ma gini na biyu. Shafin fitar da sakamakon jarrabawa zai iya rufewa na awa biyu a daren da aka sanar, babu wanda zai cutu. Rumbun bayanan asibiti ko na'urar da ke tsakanin bankuna ba haka suke ba. A ganina rufewar minti talatin da aka shirya aka sanar ta fi alkawarin ba za a rufe ba sam daga ma'aikatar da ba ta sayi kayan da za su cika alkawarin ba.

Sai aikin da kowa ke gudu, wato sanin abin da ke kan sabar. Sabar da ta shekara bakwai tana aiki ta tara abubuwan da babu su a kowace takarda. Akwai ɗan umarnin da wani ya rubuta yana tashi da kansa ƙarfe biyun dare ya tura rahoto ofishin kuɗi, shi kuma mai rubutun ya daɗe da barin aiki. Akwai takardar shaidar tsaro da aka ajiye a wani lungu. Akwai lasisin manhajar da aka ɗaure da lambar katin sadarwar wannan na'ura, ranar da ka koma wata na'urar sai ya ce bai san ka ba. Wanda ya fi cin mutanenmu shi ne adireshin IP. Kamfanonin biyan kuɗi da na tura saƙon waya sukan amince da buƙata ne kawai idan ta fito daga adireshin da aka yi musu rajista. Ka gina sabuwar saba, komai ya tashi daidai, amma biyan kuɗin makaranta ba ya wucewa, kuma ofishin da zai ƙara sabon adireshin ba ya buɗewa sai Litinin. Duk wannan sai an zauna an bi ɗaya bayan ɗaya: waɗanne ayyuka ke tashi, waɗanne ƙofofi ke buɗe, wa ke kiran wannan saba, ita kuma wa take kira. A duba har da ƙarfen kansa. Yawancin ƙananan ma'aikatunmu sabobi na hannu suke saye, alhali Red Hat 8 ta cire direbobin wasu tsofaffin katunan haɗa faifai, Red Hat 9 kuma ba ta tashi a kan tsofaffin ƙwaƙwalwan kwamfuta sam. Gara ka san haka da rana tsaka a kan tebur.

Kwafin ajiya kowa ya ce yana da shi. Tambayar da nake yi ita ce yaushe rabon da a dawo da shi a wata na'ura a ga ya tashi. Ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab, a gajiye da dare, ya goge bayanai kusan gigabait 300 daga babban rumbunsu yana zaton na biyun yake gogewa. Kamfanin yana da hanyoyin ajiya har biyar, aka duba aka tarar babu wadda ke aiki yadda ake zato. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu awa shida kafin nan, bayanan awa shidan kuwa sun tafi. Kamfanin ya kyauta da ya fito ya faɗi komai a fili, shi ya sa muke iya koyo daga gare shi. Kuma ko kwafin yana da kyau, a lissafa lokacin dawo da shi. Terabait biyu a kan layi mai gudun megabit 100 zai ci sama da awa 44, idan ma layin bai yi tangarɗa ba. Wanda hanyar komawarsa ita ce wannan, ya sani kwana biyu ya yi wa jama'a tanadi. Masu sabobi a kan VMware ko Proxmox suna da sauƙi, domin za su iya ɗaukar hoton faifai dab da fara aiki su koma kansa cikin 'yan mintoci. Sai dai hoton yana zaune ne a kan faifan da sabar take, idan faifan ya mutu sun tafi tare. Don haka a yi duka biyun, kuma kwafi ɗaya ya kasance a wani gini daban.

Daga wannan kwafin ne za a tashi sabar gwaji, ta haka an tabbatar da ingancin kwafin kuma an samu wurin yin atisaye. A yi sauyin a kanta tun daga farko har ƙarshe, da agogo a hannu, ana rubuta kowane mataki da mintocin da ya ci. A nan ne abubuwan mamaki ke fitowa. Tsofaffin nau'o'in Linux suna kiran katin sadarwa eth0, sababbi kuma suna ba shi suna irin enp3s0 ko ens18. Idan dokokin katangar tsaro suna ɗauke da tsohon suna, saba za ta tashi amma ba ta jin kowa. Daga OpenSSH 8.8, wanda ya fito a 2021, an rufe tsohon salon sa hannu na ssh-rsa, sai ka ga tsohuwar na'urar da ke kwasar kwafi kullum dare ta daina iya shiga, shiru babu wanda ya lura. Ubuntu 20.04 tana zuwa da PHP 7.4, ita kuwa 22.04 da PHP 8.1, kuma shafukan makarantu da yawa da aka rubuta shekarun baya ba sa tashi a kan na takwas sai an yi musu gyara.

Akwai wani abu da nake so masu rumbun bayanai na PostgreSQL su rubuta. A 2018 ɗakin karatun glibc, wanda kusan kowace manhaja a Linux ke dogaro da shi, ya fito da nau'i na 2.28, aka sauya ƙa'idar jera haruffa da lambobi da alamomi. Rumbun bayanai yana gina fihirisarsa ne bisa wannan jeri. Idan ka ɗauki fayilolin rumbun daga CentOS 7 zuwa dangin Red Hat 8, ko daga Ubuntu 18.04 zuwa 20.04, rumbun zai tashi ba tare da ƙorafi ba, amma fihirisar rubutu na iya zama a karkace. Ka nemi sunan da ke nan a ce babu, ko suna ɗaya ya shiga sau biyu inda doka ta hana. Maganin shi ne a sake gina fihirisar kafin a buɗe wa jama'a. Irin wannan ɓarnar ta fi faɗuwar saba muni, don faɗuwa ana ganin ta nan take, wannan kuwa sai bayan makonni, lokacin da kwafin ajiyar ma ya kwashi gurɓatattun bayanai.

Yanzu ga hanyoyin sauyin kansu, kuma biyu ne. Ko dai a sauya manhajar a kan sabar da ke aiki, ko a gina sabuwar saba a gefe a kwashe aikin zuwa kanta. Ni ina tare da ta biyu duk inda hali ya yi. Masu aikin titi ba sa rushe gada motoci na bi ta kai. Sukan gina sabuwa a gefenta, su karkatar da motoci, tsohuwar kuma tana nan tsaye har a tabbatar sabuwar ta ɗauki tirela. Sabuwar saba tana tashi da tsabta, babu tarkacen shekaru, za ka gwada ta na mako guda ba wanda ya sani, kuma hanyar komawarka ita ce tsohuwar da ba ka taɓa ba. Microsoft da kanta wannan take ba da shawara ga sabar da ke riƙe da sunaye da kalmomin sirrin ma'aikata: a tashi sabuwa, a haɗa ta da tsohuwar, a miƙa mata ragama, sannan a sauke tsohuwar.

Ma'aikatar da ke da sabobi da yawa a bayan mai rarraba zirga-zirga, irin su HAProxy ko nginx, za ta iya yin aikin ba tare da an rufe ko na daƙiƙa ba. A daina tura wa saba ɗaya sababbin baƙi, a jira waɗanda ke ciki su gama, a sauya ta, a dawo da ita da ɗan kaso kaɗan na jama'a, a zuba ido. Kada a yi gaggawar bin sauran. A bar ta ta kwana, ta ga cunkoson safiya, ta ga ayyukan tsakar dare. Da CrowdStrike ta fara da kaso kaɗan, da labarin bai kai jarida ba, kuma bayan abin ya faru tsarin da kamfanin ya yi alkawarin komawa ke nan. Amma a yi lissafin kaya tukuna. Idan sabobi biyu ne kuma kowacce na ɗauke da kashi 70 na ƙarfinta, cire ɗaya na nufin ɗora wa ɗayar kashi 140. Idan kuma rukuni ne na sabobi uku masu yanke hukunci da rinjaye, cire biyu a lokaci guda zai tsayar da na ukun. Idan aka gama, a ƙirga a tabbatar kowace saba ta samu, a tuna da ta takwas ɗin Knight Capital.

Inda wuyar take shi ne rumbun bayanai. Sabar da ke nuna shafi kawai za ka iya komawa tsohuwarta a kowane lokaci. Rumbu kuwa, daga daƙiƙar da sabon ya karɓi kuɗin mutum na farko, tsohon ya zama labari. Idan ka koma kansa bayan awa uku, duk cinikin awa ukun ya ɓace. Yadda ake yi shi ne a sa sabon rumbu ya riƙa kwafar tsohon kai tsaye na kwanaki har su zama daidai. PostgreSQL tun nau'i na 10 tana iya wannan kwafi tsakanin nau'o'i mabambanta, MySQL ma ta daɗe tana yi daga tsohon nau'i zuwa na gaba da shi. Ranar sauyi sai a dakatar da rubutu, a jira ragowar ta ƙarasa, a kwatanta adadin layukan manyan tebura, a juya manhajoji zuwa sabon. Idan an yi atisaye, wannan bai wuce 'yan mintoci ba. Masu tsananin taka-tsantsan sukan juya kwafin ta baya, sabon ya riƙa ciyar da tsohon, don ƙofar komawa ta zauna a buɗe. Wanda bai yi haka ba, to ya ja layi a takardar aikinsa ya rubuta cewa daga nan babu komawa, kuma duk wani gwaji a gama shi kafin a tsallake layin. Shawarata kuma kada a haɗa sauyin babbar manhaja da sauyin nau'in rumbu da ƙaura zuwa sabon ƙarfe a dare ɗaya in har za a iya raba su, domin in abu ya ɓaci ba za ka san wa za ka tuhuma ba.

Wani ɗan abu da ake mantawa shi ne DNS. Idan sabuwar saba tana da sabon adireshi, kwamfutocin duniya suna riƙe tsohon na tsawon lokacin da ka ce su riƙe, sau da yawa daƙiƙa 86,400, wato kwana guda cur. A rage shi zuwa 300 tun kwana biyu kafin ranar aiki.

Na san a wannan ɗaki akwai waɗanda saba ɗaya tak suke da ita, kuma babu kuɗin ta biyu. Ko da haka, a duba yiwuwar hayar saba ta wata ɗaya a matsayin wurin fakewa. In ba ta yiwu ba, sai a sauya a kanta, amma da ladabi. Mataki na farko, a kashe ta a sake kunnawa tun kafin a taɓa komai, ko da mako guda ne kafin ranar. Sabar da ta yi shekara uku ba a kashe ba, wadda wasu ke alfahari da ita, mai yiwuwa akwai faifan da aka haɗa da hannu ba a rubuta ba, ko dokar tsaron da ba a adana ba. Gara a gano wannan shi kaɗai da a zo ana zargin sabuwar manhaja. Kada a tsallake nau'i. Daga Ubuntu 20.04 sai an bi ta 22.04 kafin 24.04, Debian ma haka take. Ubuntu ba ta ma buɗe ƙofar sauyin sai gyararren fitowa na farko ya zo, wajen watan Agusta, kuma jiran yana da amfani. Masu Red Hat suna da Leapp, wanda ke bincika sabar ya ba da rahoton abin da zai hana sauyi kafin a fara. Masu barin CentOS 7 kuma akwai ELevate daga AlmaLinux. A karanta rahoton har ƙarshe. A duba ko akwai sarari a sashen da kanel, wato zuciyar babbar manhaja, ke zama, domin cikarsa ta sha tsayar da aiki a tsakiya. A yi aikin a cikin tmux ko screen, yadda ko layi ya yanke aikin zai ci gaba. Ubuntu ma takan buɗe ƙofa ta biyu mai lamba 1022 saboda haka, amma ba ta da amfani idan katangar tsaro ta rufe ta. Idan aka tambaye ka ko a maye gurbin fayil ɗin saitinka da sabo, duba bambancin kafin ka amsa. Kuma a tabbatar da hanyar ganin allon sabar ko da sadarwarta ta mutu, iDRAC a sabobin Dell, iLO a na HP, ko kuma mutum a tsaye a ɗakin da makulli a hannunsa.

Akwai abu biyu da littattafan waje ba sa damuwa da su amma mu dole mu damu. Na farko wuta. Mun ga Oktoban 2024, lokacin da yawancin Arewa ta kwashe kwanaki a duhu. Ɗaukewar wuta a daidai lokacin da ake rubuta sabon kanel na iya barin saba ba ta tsohuwa ba ta sabuwa. A gwada batirin UPS da kaya a kansa, a leƙa tankin janareta da ido, kada a tsaya a kan an ce akwai mai. Na biyu intanet. Ranar 14 ga Maris na 2024 wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, sadarwa ta yi rauni a ƙasashe da dama har da Najeriya da Gana. A sauke duk fayilolin da ake buƙata a ajiye su a gida kafin a fara.

Za a tambaye ni batun facin da ake sawa ba tare da kashe saba ba. Gaskiya ne akwai shi. Ya faro da Ksplice a jami'ar MIT, wanda Oracle ta saya a 2011, Red Hat ta fito da kpatch, Canonical kuma da Livepatch. Yana da kyau wajen toshe ɓaraka mai hatsari a kanel har zuwa ranar da aka tsara kashewa. Ba ya ɗauke ka daga wannan nau'i zuwa wancan, don haka bai raba ka da aikin da muke magana a kai ba.

Game da lokaci, kowa ya duba bayanan zirga-zirgar sabarsa maimakon ya kwaikwayi wani. Ƙarshen wata lokacin albashi ne, jajibirin Salla kasuwa na ci har dare, a watan azumi kuma ƙarfe uku na dare ba lokacin barcin jama'a ba ne. Ni ban cika son yammacin Juma'a ba, don idan abu ya ɓaci duk wanda za ka nema ya tafi hutu. Kada mutum ɗaya ya yi aikin. Ɗaya na bugawa, ɗaya na karanta takarda yana duba sunan sabar da ake ciki kafin kowane umarni mai hatsari. A takardar a rubuta agogon janyewa: idan ƙarfe kaza ta yi ba a kai mataki kaza ba, an koma baya, babu musu. A yanke wannan da rana, a kuma faɗi sunan wanda ke da ikon cewa a koma, domin da asuba mutum a gajiye kullum gani yake saura kaɗan ya gano matsalar. A sanar da jama'a tun da wuri, da Hausa da Turanci, a faɗi lokacin da ya ɗan zarce wanda atisaye ya nuna. Bayan an gama, allo ya nuna saba ta tashi bai wadatar ba. A shiga kamar ɗalibi, a biya kuɗi kaɗan na gaske, a buga takarda, washegari a duba ko kwafin dare ya gudana. Tsohuwar saba a kashe ta amma kada a goge ta sai an ga ƙarshen wata ya wuce lafiya.

Kalmata ta ƙarshe ga shugabannin ma'aikatu da ke nan, ranku ya daɗe. Idan injiniyanku ya nemi saba ta gwaji ko awa biyu na rufewa, ba ragwanci ba ne. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa ma'aikata alhakin tsare bayanan da ke hannunta, har da sanar da hukuma cikin awa 72 idan an yi kutse mai hatsari, kuma ban ga yadda za a kare barin bayanan marasa lafiya ko na ɗalibai a kan manhajar da ta daina samun faci ba. Ku kuma abokan sana'a, idan kun koma ofis ku rubuta sunan kowace saba, da nau'in manhajarta, da ranar cikar wa'adinta, ku kai wa shugabanni takardar su sa hannu. Masu Windows Server 2016 su rubuta Janairun 2027, masu Ubuntu 22.04 ma wa'adinsu a cikin 2027 yake.